Giya ta Uku

Ƙasimu yana kwance a ƙarƙashin motar, rairayi na shiga masa kunne, yana cewa "haka ne, haka ne", alhali bai gane komai ba. Shi mai sayar da yadi ne a Kasuwar Libiya. Abin da ya sani a mota bai wuce ƙofar shiga ba, amma ya daɗe yana gyaɗa wa maƙwabcinsa kai, har kan ya saba.

"Ba wannan notin ba, ya zol, bawan Allah! Na hagu. Ina jin ƙarar sufanar daga nan."

Salahuddin ne, maƙwabcin nasa, daga kan angareb, gadon igiyar da aka fito masa da shi inuwar katanga. Da can shi ke shiga ƙarƙashin motocin rabin unguwar Dar Salam. Yanzu ciwon suga ya cinye masa idanu, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura. Likita ya ce a kai shi gida ya huta, kuma kowa ya gane wane hutu ake nufi.

Abu ɗaya yake so. A shimfiɗa masa katifa a bayan boksinsa, tsohuwar a-kori-kura mai giyar otomatik, a kai shi ƙauyensu na Jazira, ya mutu inda mahaifinsa ya tsinci auduga. Ba zai iya zaman bas ba. Boksin kuwa ta ƙi. Giyarta ta asali ta ƙone. An ɗaura mata ta ƙanwarta, wadda aka ƙera bayanta da 'yan shekaru, wayoyi suka ƙi haɗuwa, sai da Salahuddin ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda za a ɗaure. Ta yi wata guda ta ƙone. Wannan ta uku, ta yayarta ce, kuma da aka fita gwaji, tun kafin a kai gada ta fara zamewa, inji na ihu, mota na tafiyar hawainiya.

"Shekarar ce," in ji Salahuddin. "Ƙwaƙwalwar motar ba ta jin yaren giyar. Kamar ni da 'yata Tasnim, ina mata Hausa tana ba ni Larabci."

"Haka ne," in ji Ƙasimu.

Notin ya kwance, mai ya zubo cikin daro. Mawahib, matar Salahuddin, ta fito da shayi, ta leƙa.

"Abu Tasnim, me ya sa man nan ya yi kama da abin da na kawo muku?"

Salahuddin ya ɗago kai. "Kamar me?"

"Shayi da madara."

"Ƙasimu, ja ne ko fari-fari?"

"To... fari-fari ne."

"Kawo."

Ya tsoma yatsu ya murza, ya daɗe yana murzawa. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, Mawahib ta riƙe masa kafaɗa.

"Ruwa ne. Man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Bututun ya fashe a ciki, ruwa na shiga. Giya uku na zaga, na zagi masu ƙera su, na zagi mai sayarwa har kakansa. Ashe bayin Allah ba su da laifi." Ya juyo da fararen idanunsa wajen muryar Ƙasimu. "Wancan karon da ka zubar, haka yake?"

Haka yake. Ƙasimu ya tuna sarai, har ya yi tunanin tambaya a lokacin, sai ya ji kunyar a ce bai san launin man giya ba. Lokacin Salahuddin yana iya takawa har masallaci.

"Wallahi ban lura ba, Yaya."

"Halas, ya wuce. Nemo lagireto. Na kowace shekara ce, wannan ba ya zaɓe."

Ƙasimu ya rufe shago ya bi 'yan gwangwan har ya samo. Aka ɗaura, aka wanke giyar da sabon mai, ja kamar zoɓo. Ya riƙa faɗin launin da ƙarfi ba wanda ya tambaye shi. Lawal, ƙanin Mawahib, ya zagaya unguwa da motar, Salahuddin yana bin ta da kunne.

"Ta biyu... ta uku. Ka ji? Kamar ana zuba zuma. Mawahib, haɗa kaya, gobe bayan asuba."

Washegari da hantsi Salahuddin ya cika, katifar tana ɗaure a bayan mota, ana jiran ya ɗan ji ƙarfi a ɗaga shi.

Mawahib ta ce a kai shi Jazira ko a haka. Dattawa suka dubi rana, suka dubi juna. Liman ya ce, "'Yata, da wannan zafin? Ƙasar Allah ɗaya ce." Ƙasimu ya buɗe baki, ya ji kansa ya riga shi gyaɗawa.

A kafaɗa aka ɗauke shi, kan angareb ɗin nan, don maƙabartar ba nisa. Da suka dawo, daron yana nan gindin katanga, kaji na leƙa shi.

Giyar ba ta sake ba da matsala ba. Lawal yana zuwa Jazira da motar duk mako, ɗaukar albasa.