Bakin Zare

Rana ɗaya aka ɗage wa Yaya da Auta fatar fuska a asibiti don ɓoye tsufa, amma kowacce da hanyarta. Yaya, tela mai shekara talatin a kan keken ɗinki, ta zaɓi wuƙa: aka tsaga ta gaban kunne, aka ja fatar, aka ɗinke. Auta kuwa, mai karanta labarai a talabijin, zare aka zura mata ƙarƙashin kumatu aka ɗaga su, don ranar Litinin dole ta koma gaban kyamara, in ba haka ba a ba wata kujerarta.

A kwana na shida suna falon Yaya. Kanta naɗe da bandeji, fuska ta kumbura suntum, ko cokali ba ya shiga bakinta sai da dabara. Auta kuwa har hoda ta shafa, tana ta karkaɗa wuya a gaban madubi. Abin ya ci wa Yaya rai ƙwarai.

"Naki ai ɗinkin wucin gadi ne," in ji Yaya ta tsakanin haƙora. "Shekara guda ya saki."

"Gara ni. Ke kin ga kanki kuwa? Mijinki ma daga bakin ƙofa yake gaishe ki."

Yaya ta wurga mata kofin shayi, ya fashe a bango. Auta ta yi kukan kura ta damƙi bandejin ta fizga. Ɗinkin kunnen hagu ya ɓalle, jini mai ɗumi ya gangara cikin rigar Yaya. Suka zube kan tebur, ƙafarsa ta karye, kwalaben magani suka tarwatse. Yaya ta haye kanta ta danne ta da gwiwa.

A nan ta hango ɗan bakin zare ya leƙo ta gefen gashin Auta. Wallahi ba mugunta ba ce. Hannun tela ne, bai taɓa ganin zare na reto ya ƙyale shi ba. Ta naɗe shi a yatsa ta finciko.

Ashe zaren mai ƙayoyi ne. Ya fito jina-jina, da ɗan nama a jikinsa. Auta ta ƙwalla ƙara, kuncinta na dama ya lotsa, bakin ya karkace gefe guda.

Tsoro ya kama Yaya. "Auta, kar ki motsa, bari in ɗauko allura..."

Auta ta ture ta. Ta lalubo wayarta cikin fasassun kwalabe ta miƙa mata, miyau da jini na zuba ta gefen bakin da ya ƙi rufuwa.

"Kira min wurin aiki," ta ce da ƙyar. "Ke za ki gaya musu. Ni ba za su gane maganata ba."