Minti Ukun Mai Aski

Takardar ta iso ranar Litinin da hantsi. Ofishin tsabtace gari zai ajiye kwantenar shara a bakin layin shagunan, taku huɗu daga ƙofar Mai Aski. Duk mai ƙorafi ya je zauren ofishin ranar Alhamis da ƙarfe goma. Kowane layi mutum ɗaya zai yi magana, kuma minti uku za a ba shi.

Mai Aski ya karanta sau biyu, ya fita ya auna takun da ƙafarsa. Uku da rabi ne. Ya san me hakan ke nufi: ƙuda, wari, da mutanen da za su tsallaka titi su koma sabon shagon askin nan mai na'urar sanyi. Ya haura hamsin, kuma bai iya wata sana'a ba.

Shaguna bakwai ne a layin, amma ba a yi muhawara kan wanda zai je ba. Shekara ashirin da biyu ke nan Mai Aski yana magana tun daga buɗe shago har rufewa: ƙwallo, ciwon baya, auren mutanen da bai taɓa gani ba. An taɓa samun wanda ya shigo gyaran gemu, ya fita da shawarar sayar da motarsa, kuma ya sayar.

"Kai za ka je, Yaya," in ji Tela, ƙanin matarsa, wanda shagonsa ke jikin nasa. "Wannan bakin da ya hana mu jin rediyo, yau ya sami aikin yi."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya me ba? Yin shiru?"

Sai da Tela ya je ya tambayi yayarsa sannan gaskiya ta fito. Sau ɗaya mijinta ya taɓa miƙewa a gaban taro, a zaman iyayen yara na makaranta. Ya yi sallama, aka amsa, ya tsaya yana kallon mutane suna kallonsa, sannan ya ce "na gode", ya zauna. Da suka koma gida, rigarsa sai da ta matse ta saboda gumi.

Aka kai maganar wurin Mai Kemis, dattijuwar da ke shago na uku, wadda duk layin ke kai wa abin da ya fi ƙarfinsu. Ta saurare shi ta saman tabarau.

"Lafiyarka ƙalau," ta ce. "Jikinka ne bai san bambancin taro da kare ba. Da ya ga idanu da yawa sai ya ɗauka biyo shi aka yi, ya shirya gudu. Shi ya sa baki ke bushewa, gwiwa ke rawa."

"To ki ba ni ƙwaya."

"Babu ƙwayar da zan ba ka. Ka ja numfashi a hankali sau uku, ka san jimlarka ta farko kamar sunanka, sannan ka yi ta gwadawa. A gaban madubi aka fi so."

Madubi kuwa ba abin nema ba ne. Ranar Talata da la'asar aka rufe shagon aski aka yi gwaji. Tela ya ce shi zai tsaya a matsayin shugaban kwamitin ofishin, kuma shugaba ba ya zama a benci, don haka ya haye kujerar aski, wadda ita kaɗai ce kujerar kirki a shagon. Mai Aski ya tsaya inda ya saba tsayawa, a bayanta. Mai Kemis ta riƙe agogo.

Jawabin ya fita kamar an kunna famfo. Ya yi minti bakwai, aka yanke shi zuwa biyar, ranar Laraba ya dawo uku cif. Mai Kemis ta ce ta sha ganin magani ya yi aiki, amma ba da wannan saurin ba. Tela ya ce shi ma da aka kafa shi shugaba ya ji kamar ya nemi gafara. Babu wanda ya lura a cikinsu cewa kwana biyu ana gwaji, ƙeyar Tela kawai Mai Aski ya yi wa magana.

Zauren ofishin ɗaki ne mai tsawo, da kujerun roba jere-jere da fanka biyu, ɗaya tana aiki. An haska taswirar unguwar a bangon gaba. 'Yan kwamiti biyar suna zaune a sahun farko domin su ga taswirar, jama'a a bayansu. Mai magana kuwa yana tsayawa a gefen taswirar ne, ya fuskanci kowa. Wata sakatariya tana riƙe da ƙararrawa.

Aka kira layinsu a na huɗu. Mai Aski ya je ya tsaya, ya ja numfashi sau uku kamar yadda aka umarce shi, ya ɗaga kai. Fuskoki kusan sittin, kowace da idanu biyu, duk a kansa. Jimlar da ya sani kamar sunansa ta tafi, sunan ma bai tabbata yana nan ba.

"Muna jin ka, Malam," in ji shugaban kwamitin, wani kakkauran mutum mai agogo a kowane hannu, ɗaya na lokaci ɗaya na ƙirga taku.

Mai Aski ya buɗe baki. Abin da ya fito bai kai kalma ba.

"Saura minti biyu," in ji sakatariya.

Daga can tsakiya aka ji muryar Tela, wadda ya ɗauka raɗa ce: "Shi ke nan, mun zama maƙwabtan ƙuda."

"Ruwa," in ji Mai Aski da ƙyar.

Sakatariya ta nuna masa ƙarshen zauren, inda aka ajiye tulun ruwan roba kusa da ƙofa. Ya bi ta tsakiyar kujeru yana tafiya kamar wanda aka sallama daga asibiti. Shi dai ƙofar yake kallo, ba ruwan ba. Amma ya tsaya ya tsiyaya, ya sha, ya juyo domin ya ajiye kofin.

Sai ya ga zauren ta baya. Ƙeyoyi ne jere, sahu-sahu. Wannan an yi masa aski da garaje, layin ya karkace ta hagu. Wancan yana da ƙurajen reza. Uku a cikinsu aikin hannunsa ne, ya gane su kamar 'ya'yansa. Can a gaba ga ƙeyar shugaba, mai ninki biyu, da rinin da aka shafa wa furfura amma aka manta da bayan kunne. Ya ajiye kofin.

"Wato, ranka ya daɗe," ya fara, da muryar shago, "ita wannan kwantenar..."

Kawuna suka fara juyowa. Shugaba ma ya dafa kujera zai waiwayo.

"Kada ka motsa kai!"

Bai yi niyyar faɗa ba, bakinsa ne ya saba. Amma babu namijin da ke zauren da ba a daka wa wannan tsawar ba tun yana ɗan shekara uku. Shugaba ya mayar da kansa gaba, ya miƙe wuya. Sauran mazan suka bi sahu. Matan da ke wurin suka dubi juna, ɗaya ta toshe baki da gefen mayafi.

Mai Aski ya taho ta tsakiya a hankali yana magana. Ya ce shi da reza yake aiki, kuma komai ƙwarewar mutum wata rana sai ya ɗan yanki fata. Ƙudan da ya tashi daga shara ba ya neman izini kafin ya sauka a wurin. Ya ce Mai Kemis magani take sayarwa, ba ta shirya ƙara wa kanta marasa lafiya ta wannan hanyar ba. Ya ce Tela ƙanin matarsa ne, ɗinkinsa dama sai a hankali, in aka haɗa da wari sai dai ya koma gidan yayarsa cin abinci, shi kuma ba zai iya ciyar da shi ba.

Ya iso bayan kujerar shugaba. Ya sa yatsa biyu a gefen kan mutumin, ya karkata shi dama kaɗan, wajen taswira.

"Duba nan, yallaɓai. Ɗan ƙasa kaɗan. Yauwa. Ka ga bayan tsohuwar tashar mota? Katanga ce kawai, babu ƙofar kowa. Motar shara za ta shiga ta juya ba tare da ta tare titi ba. A wurinmu kuwa sai ta yi baya-baya a kan kwana, kuma direbanku ni nake yi masa aski, na san ba ya gani sosai ta hagu."

Ƙararrawa ta kaɗa. Mai Aski ya kakkaɓe kafaɗar shugaba sau biyu, ko da yake babu komai a kai, ya ja baya.

Shugaba ya gyara wuyan rigarsa.

"Sakatariya, ƙa'ida ta yarda a yi magana daga bayan kwamiti?"

Ta buɗe takardunta, ta duba gaba da baya. "Ba ta hana ba, yallaɓai. Ba ta zaci wani zai yi ba."

"A taɓa kan shugaba fa?"

"Shi ma ba ta zata ba."

Wani siririn ɗan kwamiti ya ce wannan raini ne, kuma in aka bari gobe mai wankin mota zai zo da bokiti. Wata 'yar kwamitin ta ce raini ko ba raini ba, maganar kwanar gaskiya ce, ita ma ta nan take bi. Aka ɗaga hannu. Biyu da biyu. Kowa ya dubi shugaba, wanda har lokacin kansa na ɗan karkace wajen taswira.

"A kai ta bayan tasha," ya ce. "Kuma a tura direban nan gwajin ido. Layi na biyar."

A bakin ƙofa sakatariya ta tare Mai Aski da takardar sa hannu. Ta ce za a rubuta a rahoto cewa an gargaɗe shi.

"An gargaɗe ni?"

"Yanzu nake gargaɗin ka. Sa hannu a nan."

Ya sa. Tela ya riga ya fita, yana tsaye a kan matakala yana gaya wa mutanen layi na shida cewa shi ya horar da shi, kuma in suna so zai duba musu nasu jawabin kafin a kira su.