Usur ɗin Koci Haskett

A garinmu Laurel Fork, duk ranar da 'yan ƙwallon kwandon kwaleji suka sha kashi, washegari teburin bakin taga a shagon abincin wata mata mai suna Wanda yakan cika tun kafin kofi ya tafasa. Bana kuwa teburin bai huta ba.

Buck Sizemore ne mai babbar murya a cikinmu. Ya buga wa kwalejin wasa a zamanin Koci Haskett, kuma har yau zoben gasa yana yatsarsa, ko da yake nama ya kusa binne shi.

"Da Haskett ne," in ji Buck, yana dangwala biskit a romo, "da tuni yaron nan yana tasha da jakarsa."

Yaron da yake nufi shi ne Tavion Greer, wanda ya zo mana daga Memphis. Hannunsa kamar an auna shi da kwando, amma in ƙwallo ta shiga hannun nan, to ta shiga kabari. Ranar Asabar da kocinmu na yanzu, Koci Rutledge, ya fitar da shi daga wasa, sai ya yi jifa da tawul ya wuce ɗakin canza kaya, mutane suna kallo. Ana kuma raɗe-raɗin wata babbar makaranta tana kiransa a waya, ga shi yanzu doka ta ba ɗan wasa damar tattara komatsansa ya koma inda ya ga dama. Rutledge dai dole ya yanke shawara kafin Asabar mai zuwa, ranar karawa da kwalejin Pine Gap: ko ya kori yaron, ko ya haɗiye abin da aka yi masa.

"Ni ɗin nan da kuke gani," Buck ya buga ƙirji, "gira kawai na ɗaga wa Haskett, ya dasa ni a benci ranar wasan ƙarshe. Ni, da na fi kowa zura ƙwallo!"

Wanda tana ƙara masa kofi ta ce, "A ranar ce kuma aka ci kofin gasar, ko ba haka ba, Buck?"

Teburi ya kwashe da dariya. Ni dai na ci gaba da shan kofina. Na daɗe ina tuƙa motar ƙungiya a zamanin Haskett, kuma direba kunne ne da shi, ba baki ba. Tun da ƙafafun Haskett suka gaza, duk Alhamis nakan je gidan 'yarsa in ɗauke shi mu zaga bakin kogi ya ga shanu. Saboda haka ban yi mamaki ba da Rutledge ya kira ni da yamma.

"Elwood, ko za ka biyo mini da tsoho wurin atisaye? Kaina ya ƙulle."

Rutledge shi ne kyaftin ɗin Haskett na ƙarshe. Yanzu ya yi furfura, amma da na turo tsohon a keken guragu cikin zauren wasa, sai na ga ya gyara tsayuwa yana cusa riga a wando. Buck ma ya samu labari, ya riga mu zuwa, ya zauna a sahun gaba kamar mai jiran a yanka bijimi. Yaran kuwa suka ɗan kalle mu suka ci gaba da harkarsu. Sunan Haskett yana rubuce da manyan baƙaƙe a daɓen da suke takawa, amma ba wanda ya gane mai sunan ne wannan ɗan tsohon da bargo a gwiwa.

Haskett ya daɗe yana kallo. Tavion ya karɓi ƙwallo, mutum biyu suka rufe shi, ya kutsa ya jefa, ta shiga. Ya sake, ba ta shiga ba. A ƙarƙashin kwando wani dogon yaro ɗan ƙasar Sabiya mai suna Milos yana ta ɗaga hannu, har ya gaji ya daina.

Rutledge ya durƙusa kusa da keken. "Koci, ka gani da idonka. In zaunar da shi kamar yadda ka yi wa Buck?"

"Buck yana da waya a aljihu a lokacin?"

"A'a."

"Akwai wata makarantar da take son sa?"

"Kai, Koci!" in ji Buck daga bayanmu. "Ina jin ka fa."

"Don ka ji na faɗa, sarkin surutu. Kai ba ka da wurin zuwa, ko gida ka koma da uwarka ta koro ka. Benci ya ishe ka horo." Ya juya ga Rutledge. "Wannan in ka zaunar da shi, ƙofa ka buɗe masa da hannunka. Zai tafi yana ganin shi aka zalunta, can ma ya je ya yi musu abin da ya yi maka. Kira mini shi."

Tavion ya zo yana share gumi, ya tsaya yana kallon sama.

"Ɗana, yaya sunan dogon can?"

"Milos."

"Wane hannu ya fi so a ba shi ƙwallo?"

Yaron ya ɗaga kafaɗa. "Ban sani ba, Kaka. Aikina in zura."

Buck ya ja numfashi, yana jiran aradu ta faɗi. Haskett kuwa sai ya sa hannu cikin rigar sanyinsa ya zaro tsohon usur ɗinsa na ƙarfe, wanda igiyarsa ta yi baƙi don tsufa. Na san usur ɗin nan. Ya sha tashin matattun barci a bayan motata.

"Sunkuyo." Ya rataya masa a wuya. "Yau kai ne koci. Rutledge, zo ka zauna nan kusa da ni, ka yi shiru. Kai kuma, ga sharaɗi ɗaya: ba ka taɓa ƙwallo. Raba su biyu. Masu fararen riguna naka ne. In jajaye suka ci su, kai aka ci."

"Wasa kake yi?"

"Na yi kama da mai sauran lokacin wasa?"

Da farko abin dariya ya zame wa Tavion. Ya hura usur da ƙarfi, ya kwaikwayi tafiyar Rutledge, yara suna ƙyaƙyatawa. Amma da jajaye suka fara zura wa fararensa, sai dariya ta ɗauke. Yaron da ya maye gurbinsa ya ɗauki salonsa kaf: ya karɓa, ya kutsa cikin mutane, ya jefa, ta dawo.

Usur ya yi ƙara. "Kai, Deshawn! Makaho ne kai? Ga Milos can shi kaɗai kamar itacen tsakar gona!"

"Ai yadda kake yi nake yi, ranka ya daɗe koci," in ji Deshawn.

Na ga hannun Tavion yana ƙaiƙayi, har ya taka layi zai shiga ya ƙwace ƙwallon. Haskett ya yi gyaran murya kaɗan, sai Tavion ya ja da baya. Ya tsaya yana huci, sannan ya taka wurin Milos. Ban ji abin da ya tambaye shi ba, na dai ga dogon ya ɗaga hannun hagu, ya nuna sama da kafaɗarsa. Daga nan fararen suka fara farfaɗowa. Ba su ci ba, amma kafin a tashi muryar Tavion ta dushe, kuma ya kira sunan kowa a filin, har da waɗanda ban taɓa jin ya kula ba.

Da aka tashi ya zo zai mayar da usur.

"Riƙe shi zuwa Litinin," in ji Haskett. "In tafiya za ka yi, ka bar wa Elwood a shagon Wanda. Ba mai riƙe ka."

A hanyar gida na ce, "Koci, ban taɓa ganin ka ba wani usur ɗin nan ba."

"Ban taɓa samun irin wannan yaron ba." Muka wuce gada. "Su Buck suna tsammani tsawa ce ta ci musu kofi. Tsawa ita ce abin da ya yi aiki a kansu, shi ke nan. Tsaya in ga shanun nan."

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Rutledge ya sa Tavion tun farko, Buck yana ta gunaguni a kunnena wai duniya ta lalace. Wasa ya yi zafi, ana ta ba-ni-in-ba-ka, har aka zo gab da tashi Pine Gap suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo kuma tana hannun Tavion. Mutum biyu suka rufe shi. Kowa a garin ya san abin da zai yi, har da 'yan Pine Gap. Ya yi tsalle kamar zai jefa, sai ya cilla ta sama ta hagu, daidai inda Milos ya nuna masa.

Milos ya cafe, ya juya, ya jefa. Ƙwallo ta zaga bakin kwando, ta yi kamar za ta faɗa, ta fito.

Dogon yaron ya durƙushe a ƙasa ya rufe fuska. Ina kallon Tavion, don a nan ne ake jifa da tawul. Ya tsaya hannu a ƙugu na ɗan lokaci. Sannan ya taka ya kama Milos ta wuyan riga ya ɗaga shi, yana yi masa magana a kunne har suka shige ciki.

Litinin da safe teburin taga ya cika. Ina zaune ina fuskantar ƙofa, duk wanda ya turo ta sai in ɗaga kai in duba.

"Da yaron ya jefa da kansa da mun ci," in ji Buck. "Haskett na da, ba zai taɓa yarda a ba wannan sandar rake ƙwallon ƙarshe ba."

"Kai dai ba a iya maka," in ji Wanda. Ta dube ni. "Elwood, tun ɗazu kake kallon ƙofa. Wa kake jira?"

"Ba kowa."

Kofina ya huce, na sha wani, rana ta ɗaga, ba wanda ya kawo mini komai. Can wajen azahar Rutledge ya kira.

"Tavion yana nan, ya riga kowa zuwa. Sai dai ya ƙi ba ni usur ɗin. Wai mai shi kaɗai zai ba, kuma yana da tambayoyi. Alhamis za ka kawo tsoho?"

Na ce sai mun fara biyawa ta wurin shanu.