Gadin Ebo Quansah

"Egya Ebo, na karɓe ka," in ji Kukuwa ta saman katanga, hannunta duk man kifi.

Bai juyo ba. "Faɗi da kyau, Maame. Wannan ai karɓar 'yan kasuwa ce."

Ta yi tsaki, ta ƙame kamar soja. "Na karɓi gadi. Sauka ka huta."

"Teku lafiya, ba kowa a ruwa," ya ce. Sannan ya saki katangar, ya shige ɗaki yana jan ƙafa.

Haka suke yi kullum da hantsi tun da aka sauko da Ebo Quansah daga jirgin yaƙi. Sojan ruwa ne, maƙwabcinta a Sekondi ta bakin tekun Ghana, ba mata ba ɗa. A jirgi, mai gadi ba ya barin wurinsa sai wani ya zo ya karɓe shi baki da baki. Sau ɗaya Ebo ya taɓa bari, ya je ɗebo ruwan shayi, kafin ya dawo wani abokin aikinsa ya faɗa teku ba wanda ya gani. Ya ci gaba da aiki bakinsa gum, don a ganin sojojin ruwa duk wanda ya ce kansa ba daidai ba, shi da hawa jirgi har abada. Sai da barci ya ƙaurace masa aka kawo shi gida. Yanzu tun asuba yake kama katangar da ke kallon teku, kuma ko sama za ta faɗo ba ya motsawa sai an karɓe shi.

Wata jami'a mai kula da masu damuwa takan zo duba shi daga bariki. Rannan ta ja Kukuwa gefen murhun kifi.

"Maame, kina ƙoƙari. Amma ki riƙa jinkirtawa kaɗan-kaɗan, ya ga ko ba a zo da wuri ba, ba abin da zai faru."

"Kaɗan-kaɗan har yaushe, 'yata? Aurena ya yi?"

"Kaɗan dai, Maame. Yana da hawan jini."

To, Kukuwa mace ce da ba ta san kaɗan ba, ko a barkonon miya. Ta ce a ranta ciwon da za a cire, a cire shi gaba ɗaya. Ta zaɓi Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku. In ya ga ba kwalekwale ko ɗaya, gadin wa zai yi? Zai gaji ya sauka da kansa, ya warke.

Talata ta zo shiru, ba ƙarar inji, ba kiran masu jan taru. Hantsi ya wuce, rana ta take. Sau ɗaya ta ji muryarsa, a hankali.

"Maame Kukuwa."

Tausayi ya kama ta, amma ta cije leɓe ta ci gaba da juya kifi. Bai sake kira ba. Duk leƙawar da ta yi yana nan tsaye, ƙeyarsa na sheƙi da gumi. Daga baya ƙeyar ta bushe.

Da rana ta karkata ta kasa daurewa, ta zagaya gidansa. Ƙirjinsa na jingine da katanga, yatsunsa sun damƙe bakinta, idanunsa a buɗe suna kallon ruwa. Ƙuda na yawo a leɓensa bai kore shi ba.

"Egya Ebo, haba, gwada ka nake yi."

Ta taɓa hannunsa. A cikin wannan zafin, hannun ya yi sanyi ƙalau. Tsoro ya shige ta, ta ja da baya. Can ta dawo kusa da shi, ta haɗa ƙafafunta.

"Na karɓi gadi. Sauka ka huta."

Yatsun suka saki. Ya sulale a jikin katangar sannu a hankali, ya zauna, kansa ya faɗo kan ƙirji.

Maƙwabta suka taru, motar bariki ta zo ta ɗauke shi. Jami'ar nan da ta biyo motar ce ta lura Kukuwa ba ta bar wurin ba.

"Maame, zo ki zauna. Ba ke kika kashe shi ba."

"Na ji, 'yata," ta ce, ba ta juyo ba. "Wa zai karɓe ni?"

Can nesa wani baƙin abu mai girman kan mutum na tasowa yana nutsewa a kan igiyar ruwa, ko kwakwa ce, ko ba kwakwa ba. Kukuwa ta dafa katangar da hannu biyu, ta kafa masa ido.