Laimar Tela

Malamarmu ta ajin manya tana da wani gwangwanin madara cike da ƴan takardu. Kullum sai ta zaro biyu ido a rufe, ta fassara mana kalmomin Turancin da ke jiki, sannan kowa ya haɗa su a jimla ɗaya. Da Hausa muke fara faɗa, ita ta taya mu juyawa. Ko kalmomin ba su san juna ba, dole ka ɗaura musu aure.

Ranar darasin ƙarshe hankalinmu ba ya kan allo, yana kan Tela. Kowa a ajin ya san yana son Uwar Biyu, bazawarar nan mai kanti da ke zama a bencin gaba, kuma kowa ya san idan an tashi yau za ta tattara ta koma garin yayanta. Mutumin da ke iya yi wa kwastoma ƙaryar "gobe ka dawo" ko ƙifta ido ba ya yi, ga shi tun farkon shekara ya kasa buɗe baki. Ni kam haushinsa nake ji.

Malama ta zaro "umbrella", ta ce laima ce. Ta zaro "stubborn", ta ce mai taurin kai.

"Mutum kaɗai ake ce wa haka?" in ji Direba daga baya. "Don ina da suruki."

"Har jaki," in ji Malama. "Har ma abin da ba shi da rai, idan ya ƙi yin abin da ake so. Murfin kwalba da ya ƙi buɗuwa, ko tabon da ya ƙi fita a riga."

Aka bi layi. Direba ya ce surukinsa mai taurin kai ya ari laimarsa ya hana. Da aka zo kan Tela, ya miƙe yana murza tef ɗin awon da ke wuyansa, gumi har cikin kunne.

"Laimata babba ce," ya ce. "Za ta ishe ni da mace ɗaya mai taurin kai, har da yara biyu."

Malama ta juya wa allo fuska ta rubuta masa da Turanci, kafaɗunta suna rawa.

"Uwar Biyu, saura ke."

Ba ta ko waiwaya ba. Ta gyara zama, ta rufe bironta.

"Malama, kin ce har abin da ya ƙi buɗuwa?"

"Har shi."

"To rubuta. Akwai wata laima mai taurin kai, tun farkon shekara nake tsaye a ruwa ina jira ta buɗu."

Tela ya saki tef ɗin. "Yanzu fa?"

"Yanzu ka zo ka taya ni kwance kaya. Duk na riga na ɗaure, kuma kai ka jawo."