Yatsan Ɗanmaraya

Tun da ya hau acaɓa a Samaru Nehemiah ke maimaita abin da zai faɗa wa mahaifinsa, amma da ya iso rumfar zaɓe a unguwar Jama'a sai ya tarar da tsohon a layi, riƙe da sanda, ya riga ya gama shawara. Idanun Ɗanmaraya sun daɗe da mutuwa, don haka ɗansa ne zai kama masa yatsa ya dangwala.

"Kwando za ka sa mini," in ji tsohon. Kwando kuwa alamar Sati ce.

"Baba, Sati fa? Mutumin da ya yanka gonarmu fuloti-fuloti ya sayar, ko sannu bai ce maka ba?"

"Shi ɗin."

Mutum uku ne ke neman kujerar kansila. Sati ya cinye gonakin mutane. Dominic ya rantse in ya hau sai ya rushe layinsu kaf an yi tashar mota. Sai Malama Susanna mai alamar fitila, wadda ta koya wa rabin unguwar karatu, wadda kowa ya yarda ita ce ta kirki, kowa kuma ya ce ba za ta ci ba, kada a yi asarar ƙuri'a, gara a ba Sati don kada Dominic ya hau. Haka ma dattawa suka sanar a coci ranar Lahadi, ko kunya babu, ana gama addu'ar neman shugaba nagari.

"In duk masu cewa ba za ta ci ba suka zaɓe ta, ai ta ci!" in ji Nehemiah.

Wata mata a bayansu ta tuntsire da dariya. "Ɗan jami'a, rage mana lacca. In Dominic ya kawo katafila, a ajinku za mu kwana?"

Ɗanmaraya ya ce a hankali, "Gona ta tafi, yaro. Gida ya rage. A bayan ɗakinmu uwarka take kwance a kabarinta."

Aka ba su takarda suka shiga bayan kwalin da aka kange. Ba mai ganinsu. Nehemiah ya kama babban yatsan mahaifinsa ya tsoma a tawada. Tsakanin kwando da fitila ɗan taƙi ne, tsohon kuma ya sakar masa hannu gaba ɗaya, ba ya ko tambaya. In ya karkata kaɗan, wa zai sani? Sai ya tuna yadda Sati ya kai masu awo gonar da rana tsaka, don ya san mai ita ba ya gani. Ya danne yatsan a kan kwando. Tasa ƙuri'ar ya ba fitila.

Da la'asar aka ƙirga. Sati ya ci da ƙuri'un da ko rabi ba su kai ba, waɗanda suka ƙi shi kuwa, duk yawansu, suka tashi a tutar babu. Sati ya zagayo layinsu da makaɗa, ya hango tsohon a ƙofar gida, ya cafko hannunsa ya ɗaga sama.

"Jama'a ku shaida! Har Baba Ɗanmaraya ya yafe, yana tare da ni!"

Mata suka rangaɗa guɗa.

Da suka wuce, tsohon ya sa aka kawo masa toka da ruwa. Ya zauna yana dirzar yatsan har fatar ta yi ja.

"Tawadar ta fita?"

"Ba ta fita ba, Baba."

"Ƙaro toka."