Tsohuwar Dasin ta Pak Samad

Motocin sun jeru a ƙarƙashin rufin wata tsohuwar rumfar jirgin ƙasa a unguwar Sentul, kamar amaren da mace ɗaya ta yi wa kwalliya: kowacce da fitilu a ƙarƙashin cikinta, kowacce tana aman kiɗa. Malam Bala ya bi layin farko yana dogara sanda, ya ci rabin na biyu, sai ƙirjinsa ya ce masa ya isa haka.

"Baba, mu nemi wurin zama?" in ji 'yarsa Ummi, tana riƙe da gwiwar hannunsa.

"Bari dai mu kai ƙarshe."

Tun da aka kawo shi Kuala Lumpur ganin likita yake zaune a can ƙololuwar benen su Ummi a unguwar Danau Kota, yana leƙen rufin motoci ta taga. Likita ya ce fentin da ya yi ta shaƙa tun yana saurayi ya cinye masa huhu, kada ya sake kusantar gareji. 'Ya'yansa maza kuwa kullum sai sun bugo daga Kano: wani ɗan kasuwa yana son filin garejinsa na Ƙofar Ruwa zai gina shaguna, amsarsa kawai ake jira. Shi kuma ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Mijin Ummi, wanda yake koyarwa a jami'a, shi ya ga tallar bajekolin motocin kwalliya, ya ce ko zai ɗebe wa Baba kewa.

Ya miƙa hannu zai shafa wata jar mota, wani matashi ya dakatar da shi cikin ladabi, ya nuna masa allon da ya hana taɓawa.

"Ba fenti ba ne, Ummi," ya ce bayan sun wuce. "Leda ce aka manna. Amma wanda ya manna ta ya iya."

A ƙarshen rumfar, inda rufin ya yage rana take zubowa, nan ya ji wani tari. Busasshen tari mai ƙarewa da ɗan fito, irin nasa sak. Wani tsoho ne da baƙar hula zaune a kujerar naɗewa, kusa da wata tsohuwar mota ƙirar Dasin shuɗiya wadda aka yanke wa rufi aka sauko da shi har ta yi kamar mai harara. Babu kowa a gabanta. Malam Bala ya yi sallama, tsohon ya amsa da fara'a, ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya tashi ya tura masa kujerar.

Sunansa Pak Samad. Ummi ce ta zama tafinta, da ɗan Malayancin da ta tsinta a kasuwa.

"Ki tambaye shi ko zan taɓa."

"Boleh, boleh," in ji Pak Samad, wato ya yarda.

Malam Bala ya bi gefen motar da tafin hannu, a hankali, ya ƙwanƙwasa inda rufin ya haɗu da jiki. Ƙarfe ne zalla. Ya ɗago ya nuna wa mutumin yatsunsa, da tsoffin tabon wuta da farcen da guduma ta taɓa fasawa. Pak Samad ya buɗe nasa. Suka yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Ki gaya masa mu ma mun yi irin wannan bajekolin a Kano. Farkon shekarun tamanin, a filin ƙwallon unguwa. Ba mu da rumfa, ba mu da alƙali. Kowane gareji ya turo abin da ya ƙera, wanda aka fi yi wa ihu shi ya ci, a ba shi rago. Ki ce masa akwai Abdulwahidu mai walda, ya haɗa gaban Fijo da bayan Bosuwaja, ba ka gane inda ɗaya ta ƙare. Akwai Zahraddeen mai kujeru, da jar fatar dukawa yake ɗinka su, mota ta yi wata guda tana warin jima. Ni kuwa fenti. Na taɓa zana ɗawisu tun daga fitila har zuwa but."

Ummi ta fassara abin da ta iya. Rabin maganar ta zube a hanya, ya gani a fuskarta.

"Yana tambaya ina suke yanzu."

"Ki ce sun riga mu. Motocin kuma 'yan gwangwan sun auna su a sikeli."

Pak Samad ya gyaɗa kai tun kafin ta fassara. Sannan ya ba da nasa labarin. Su a bayan wani gidan silima suke taruwa ran Lahadi, har 'yan sanda su zo su kore su. Su bakwai ne, saura shi. Wannan motar a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ya yanke ta, matarsa tana riƙe masa fitila. Yanzu matar ta rasu, 'ya'yansa sun mayar da shi wani bene a unguwar Sri Petaling inda babu wurin ajiye ta.

Ummi ta juyo wurin mahaifinta. "Ya ce ya sayar da ita, Baba. Wani mai gidan shan kofi ne ya saya. Za su cire injin, su kafa ta a ƙofa mutane su riƙa ɗaukar hoto. Yau za a zo ɗauka."

Malam Bala ya juya ga motar. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ya dubi tayoyin, an wanke su tas har cikin zanensu.

"Tana tashi?"

Batirin ya mutu tuntuni. A bayan babbar mota aka kawo ta. Pak Samad ya ɗaga kafaɗa, amma idonsa ya kai kan sitiyarin ya daɗe bai dawo ba.

Malam Bala ya jingine sandarsa. "Ki ce ya shiga. Ya sa giya ta biyu."

"Baba! Me likita ya ce maka?"

"Ya ce kada in shaƙi fenti. Bai ambaci turi ba."

Ta dube shi, ta dubi motar. Sai ta ajiye jakarta a kan kujerar, ta tattare hijabinta, ta kafa hannuwa a bayan motar kusa da nasa. Suka tura. Da farko kamar ana tura katanga. Wasu samari biyu da suke ɗaukar hoton wata mota suka hango su, suka sa wayoyinsu a aljihu suka rugo. Motar ta gangara, ta yi tsalle, ta yi shiru. Aka sake. A karo na gaba ta yi atishawa, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta saki wani gurnani da ya danne duk kiɗan rumfar. Kawuna suka juyo.

Pak Samad bai tsaya ba. Ya bi tsakanin layukan a hankali, mutane suna darewa, ya kai bakin ƙofa, ya kunna sigina, ya hau titi.

Da ƙyar Ummi ta mayar da mahaifinta kan kujera. Numfashinsa yana fita kamar ana tsaga tsumma. Ta fesa masa maganinsa a baki. Sai da ƙirjin ya lafa ya yi magana, idonsa a rufe.

"In mun koma ki kira yayyenki. Su ba ɗan kasuwan nan filin." Ya nisa. "Amma gudumomina da injin feshi, a raba wa waɗanda suke aiki. Kada wanda ya rataye mini su a bango."

"To, Baba."

Ba a jima ba wata babbar motar ɗaukar motoci ta shigo da baya tana ƙara. Wani mutum mai gajeren wando da baƙin tabarau ya diro, ya dubi wurin da babu komai sai ɗigon baƙin mai, ya dubi baƙon tsohon da yake zaune a kujerar Pak Samad. Ya yi magana da sauri, yana nuna agogonsa.

"Shi ne ya saya," in ji Ummi ƙasa-ƙasa. "Yana tambaya ina motar, kuma yaushe za ta dawo."

Malam Bala ya buɗe ido ya dubi ƙofar. Titi ya cika da motoci, babu shuɗiya a cikinsu.

"Ki ce masa ya nemi kujera," ya ce. "Wanda ya sayi tsohuwar mota, jira zai fara koya."